Keken shiga daji: Yadda ake zaɓen wanda ya dace da hanya

A shagunan sayar da kekuna na manyan biranen ƙasar nan, keken da ya fi ɗaukar idon mai saye shi ne mai taya mai haƙora, mai ƙaton sifirin a ƙarƙashin sirdi, wanda aka rubuta wa lamba 21 a jiki don nuna yawan giyarsa. Mai shago zai ce na hawan dutse ne, ba ya tsoron rami ko gargada. Sau da yawa kuwa shi ne keken da ya fi saurin barin mai shi a tsakiyar daji, da lanƙwasasshen wili ko tsinkakkiyar wayar birki, ga gida da nisa, ga rana ta yi yamma.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya sake samun daraja a wurin mutanen da a da suke masa kallon abin hawan yara da mutanen ƙauye. Akwai ma'aikacin gwamnatin da likita ya umarta da motsa jiki, akwai ɗan kasuwar da ke da gona a bayan gari wadda mota ba ta isa gare ta da damina, akwai kuma matasan da ke fita rukuni-rukuni a ƙarshen mako zuwa tsaunukan da ke kewaye da Abuja ko Jos. Duk waɗannan suna neman keken da zai bar kwalta ya shiga turbar daji. Abin da ya kamata su fara dubawa shi ne hanyar da za su riƙa bi, domin ita ce ke nuna irin keken da ya dace, ba ƙyallin fenti ko yawan giya ba.

Asalin keken daji

Shiga daji da keke ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffin kekunan Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin, masu birkin ƙarfe da giya ɗaya tak, sun shafe gomman shekaru suna bin burtali da hanyoyin ƙafa ɗauke da buhun hatsi. Sai dai an ƙera su ne domin ɗaukar kaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Idan aka zo tudu, mai keke sauka yake yi ya tura, idan kuma aka zo gangara mai duwatsu, sai ya riƙe birki yana salati.

Keken da aka ƙera musamman domin hawa da gangara a cikin daji ya samo asali ne a gundumar Marin da ke Jihar Kaliforniya ta Amurka, a shekarun 1970. Wasu matasa, cikinsu har da Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, sun riƙa tsinto tsofaffin kekunan kamfanin Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da faffaɗar taya, suna gangarowa da su daga kan tsaunuka. A shekarar 1976 suka fara wata gasa kusa da garin Fairfax, a kan hanyar da ke saukowa kusan mita 400 a cikin tazarar kilomita uku da 'yan kai. Sunan gasar, Repack, ya fito ne daga wahalar da birki ke sha: kafin a iso ƙasa, birkin da ke cikin cibiyar tayar baya ya yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an kwance an sake cika shi. Gary Fisher ne ya fi kowa gudu a tarihin gasar, da minti 4 da daƙiƙa 22.

A 1977 Joe Breeze ya ƙera firam na farko da aka tsara domin wannan aiki, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, wanda ake lissafawa cikin kekunan daji na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa. Kamfanin RockShox ya kawo shok na gaba a 1989. An gudanar da gasar duniya ta farko a ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a Durango da ke Jihar Kolorado a 1990, kuma wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye ta fuska ɗaya: kowane sashe na keken daji an ƙirƙiro shi ne domin magance wata matsala da hanya ta haifar. Wanda hanyarsa ba ta da wannan matsala, kuɗinsa kawai zai kashe ya ƙara wa kansa nauyi.

Hanya iri-iri, keke iri-iri

Kalmar daji tana rufe abubuwa masu yawa. Akwai faffaɗar hanyar jar ƙasa ko marmara wadda motar itace ke bi. Akwai siririyar turba mai faɗin ƙafa biyu da ke ratsa tsakanin itatuwa, cike da saiwoyi da kututture. Akwai hanyar duwatsu irin ta tsaunukan Shere a Filato, akwai rairayin da ke shanye taya a gaɓar rafi, akwai kuma taɓon kurmin kudu da ba ya bushewa sai rani ya yi nisa.

Masu ƙera keke sun san da wannan bambanci, har hukumar ma'aunai ta ASTM ta Amurka ta raba amfani da keke zuwa mataki biyar, kuma kamfanoni da dama kan rubuta matakin a jikin firam ko a littafin da ke zuwa da keken. Mataki na 1 na kwalta ne zalla. Na 2 ya haɗa da hanyar tsakuwa da turba mai laushi, inda dirar taya ba ta wuce santimita 15 ba. Na 3 shi ne na turba mai gargada da tsallen da bai kai santimita 61 ba. Na 4 da na 5 na masu gangarowa daga tsauni da gudu ne da masu manyan tsalle. Galibin mutanen da ke shiga daji domin motsa jiki ko zuwa gona ba za su taɓa wuce mataki na 3 ba, da yawansu ma na 2 ya ishe su.

Wanda tafiyarsa rabi kwalta ce rabi jar ƙasa zai fi jin daɗin keken tsaka-tsaki mai miƙaƙƙen kai da matsakaiciyar taya, ko kuma keken tsakuwa, wato mai lanƙwasasshen kai irin na tsere amma da taya mai faɗin milimita 35 zuwa 50. Waɗannan suna da sauri kuma ba su da nauyi, sai dai da zarar hanya ta cika da saiwoyi da duwatsu sukan gajiyar da hannu da wuyan mahayi. A can ɗaya ɓangaren akwai mai ƙatuwar taya, wadda faɗinta ke kai inci 4 zuwa 5. An yi shi ne domin dusar ƙanƙara da rairayi, kuma a wajen waɗannan wurare biyu jan sa aiki ne, ko da yake a titunan birni yana jawo kallo, wanda wataƙila shi ne dalilin da ya sa wasu ke sayensa. Tsakanin waɗannan biyu ne ainihin keken daji yake, kuma a nan ne maganar shok ke shigowa.

Shok: babu, ɗaya ko biyu

Kekunan daji sun kasu uku ta wannan fuska. Akwai marar shok sam, akwai mai shok a gaba kawai, a cikin ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe da tayar gaba wanda masu gyara ke kira fok, sannan akwai mai shok gaba da baya.

Ana auna shok da nisan da yake iya nutsewa. Kekunan tafiya mai nisa a kan turba mai hawa da sauka suna da milimita 100 zuwa 120. Waɗanda aka yi domin turba mai tsanani kan kai 130 zuwa 150, na gasar enduro 160 zuwa 180, na gangara zalla kuwa kusan 200, kuma wannan na ƙarshe ba a ma hawa tudu da shi, a mota ake kai shi saman tsauni. Ga mai shiga dazukan da aka saba gani a ƙasar nan, milimita 100 zuwa 120 sun wadatar.

Amfanin shok ba jin daɗin zama ba ne kawai. Babban aikinsa shi ne ya riƙe taya a ƙasa, domin tayar da ke tsalle a iska ba ta cin birki kuma ba ta juyawa. Shok na ƙwarai yana da abu biyu a cikinsa: sifirin ko matsattsiyar iska da ke karɓar bugu, da kuma mai da ke bi ta ƙananan kafofi yana rage saurin dawowarsa. Na arha sifirin ne kawai a ciki, babu abin da ke danne shi, don haka duk bugun da ya karɓa sai ya mayar wa mahayi, keken ya riƙa rawa kamar ɗan akuya. A nan ne kekunan da aka ambata a farkon wannan bayani suke yaudarar mutane. Shok na baya yana buƙatar mahaɗai masu juyawa da boris masu kyau, kuma yin su da inganci yana da tsada. Idan aka ga keke mai shok biyu a farashin keken makaranta, to an rage kuɗin ne daga ƙarfen firam da birki da wili. Irin wannan keke kan kai kilo 18 ko fiye, alhali mai shok ɗaya na aluminiyam mai matsakaicin inganci yana tsakanin kilo 13 da 15. Mahaɗansa kan fara girgiɗi bayan 'yan watanni, kuma a kan tudu rabin ƙarfin ƙafar mahayi a lotsa sifirin yake ƙarewa. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saboda haka, ga wanda kuɗinsa ke da iyaka, mai shok a gaba kawai ya fi zama zaɓin hankali. Idan ma shok ɗin gaban na bogi ne, gara marar shok ɗungurungum mai faffaɗar taya, domin taya mai ƙarancin iska tana shanye ƙananan bugu fiye da mataccen sifirin.

Akwai kuma batun kulawa, wanda masu saye ba su cika tambaya ba. Kamfanin RockShox ya ba da shawarar a kwance ƙasan fok a wanke a sauya mai bayan kowace awa 50 ta tuƙi, a kuma yi cikakken gyara bayan awa 200. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shok mai iska yana da sauƙin nauyi kuma ana daidaita shi da nauyin mahayi, amma yana buƙatar famfo na musamman da robobin da ba kowane mai gyaran keke ke da su ba. Mai sifirin daga sanannen kamfani irin SR Suntour ya fi nauyi, sai dai yana jure sakaci. Gwaji mai sauƙi a shago shi ne a riƙe birkin gaba a danna kan keken da ƙarfi: shok mai kyau zai nutse a hankali ya dawo ba tare da ƙara ba, marar kyau kuwa ko dai ya ƙi motsi ko ya dawo da bugu.

Taya da matsalar ƙaya

Girman wilin keken daji uku ne: inci 26, da 27.5, da 29. Na 26 shi ne na asali, kuma ya mamaye kasuwa har zuwa shekarun 2000, lokacin da na 29 ya fara yaɗuwa, na 27.5 kuma ya biyo baya a farkon shekarun 2010. Babban wili ya fi sauƙin haye saiwa da dutse kuma ya fi riƙe gudu, ƙarami ya fi saurin juyawa a matsattsiyar turba kuma ya fi dacewa da gajeren mutum. Manyan kamfanoni sun kusan daina ƙera manyan kekunan daji masu inci 26, amma wannan ba aibi ba ne ga mai saye a nan. Akasin haka ma, tayar 26 da tub ɗinta su ne aka fi samu a kasuwannin garuruwa, kuma wanda tayarsa ta 29 ta yage a wani ƙauye zai iya yin kwanaki yana jiran saƙo daga birni.

Lambobin inci suna ruɗarwa, don haka ya fi kyau a duba lambar milimita da ke jikin taya. Inci 26 na keken daji shi ne 559, na 27.5 shi ne 584, na 29 kuwa 622. Tsohon keken Raleigh da ake ce wa inci 28 lambarsa 635 ce, wato ya fi na 29 faɗi duk da sunansa. Tayar ɗaya ba ta shiga wilin ɗaya.

Faɗin da ya dace da turbar daji shi ne inci 2.2 zuwa 2.4. Ƙananan haƙora masu kusanci da juna sun fi gudu a busasshiyar ƙasa, manya masu tazara kuma su ne ke zubar da laka da damina. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika taya da iska har ta yi tauri kamar dutse, kamar yadda aka saba yi wa keken ɗaukar kaya. Keken daji yana so ne a bar shi tsakanin 25 da 35 a ma'aunin PSI idan da tub a ciki, gwargwadon nauyin mahayi, domin tayar ta ɗan shimfiɗu ta kama ƙasa. Idan iskar ta yi ƙasa da yawa kuma, dutse zai matse tub a jikin wili ya huda shi wuri biyu.

Babban abokin gabar mai keke a dazukan arewa ba dutse ba ne, ƙaya ce. Tsidau da ke kwance a ƙasa, da ƙayar bagaruwa da aduwa da farar ƙaya, suna iya huda taya sau uku a tafiya ɗaya. Maganin da ya fi aiki shi ne taya tubles, wadda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo a ciki, da zarar ƙaya ta huda sai ruwan ya toshe kafar keken yana cikin tafiya. Sharaɗinsa shi ne wili da tayar su zama waɗanda aka yi domin haka, kuma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a ƙasa mai zafi ma ya fi saurin bushewa, sai an riƙa ƙarawa. Wanda bai samu wannan ba yana iya sa tub mai kauri, ko tub mai ruwan toshiya a ciki, ko ya shimfiɗa wata doguwar roba tsakanin taya da tub. Ko wanne aka zaɓa, ba a shiga daji sai da tub na ko-ta-kwana da kayan faci da ƙaramin famfo.

Wani ƙaramin abu da kan ba mutane kunya a gaban mai faci shi ne bawul. Kekuna masu tsada kan zo da siririn bawul da ake kira Presta, wanda bakin injin mai faci ba ya kama shi. Mai kauri irin na mota, Schrader, shi ne ke shiga ko'ina. Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe da ake murɗawa a kan siririn ya mayar da shi kamar na mota, kuma ya cancanci a ajiye shi a aljihu.

Birki kafin giya

Idan za a kashe ƙarin kuɗi a wuri ɗaya, to a birki ya kamata a kashe. Birkin roba mai matse gefen wili yana aiki sosai a bushe, yana da arha, kuma kowane mai gyara ya san shi. Rauninsa shi ne ruwa da laka, da kuma wilin da ya ɗan lanƙwashe. Birkin faifai, wanda ke matse wani faifan ƙarfe a tsakiyar wili, bai damu da waɗannan ba. Shi ma iri biyu ne: mai waya da mai aiki da mai. Na mai ya fi ƙarfi, da yatsa ɗaya ake kama shi, wanda ke da muhimmanci a doguwar gangara inda hannu ke gajiya. Mai waya kuwa ana iya gyara shi a gindin bishiya da filaya. Faɗin faifan kan zama milimita 160 ko 180 ko 203, kuma mutum mai jiki ya fi buƙatar 180 a gaba, domin birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa.

Gargaɗi biyu suna nan. Birkin Shimano mai aiki da mai yana amfani ne da wani mai na musamman, ba man birkin mota ba, kuma idan aka zuba masa na mota robobin cikinsa za su kumbura ya lalace. Na biyu, kada mai ko giris ya taɓa faifan, domin abin da ke matse shi yana shanye mai, daga nan sai ƙara babu kamu.

Game da giya, yawanta ba shi ne ma'auni ba. Giya 21 tana nufin faranti uku a gaba da bakwai a baya, kuma da yawa daga cikin haɗe-haɗen maimaita juna suke yi. Abin dubawa shi ne giya mafi sauƙi, wadda za a hau tudu da ita, kuma lissafinta ba shi da wuya: a raba haƙoran ƙaramin farantin gaba da na babban farantin baya. Tsohon keken kaya mai haƙora 44 a gaba da 18 a baya yana juya taya kusan sau biyu da rabi a kowane zagayen feda, shi ya sa ake tura shi a tudu. Mai giya 21 da ke da 24 a gaba da 28 a baya yana ba da 0.86. Na zamani mai faranti ɗaya a gaba da 12 a baya, tsarin da kamfanin SRAM ya fitar a 2016, yana ba da 0.64 idan gaban 32 ne bayan kuma 50. Wato mai giya 12 ya fi mai 21 sauƙin hawa. Sai dai sarƙarsa siririya ce, tana da tsada, kuma ba a ko'ina ake samunta ba, yayin da sarƙar mai faranti 7 ko 8 take a kusan kowace kasuwa. Ga mutumin da ke nesa da manyan shaguna, faranti biyu ko uku a gaba da 8 ko 9 a baya daga kamfanin Shimano tsaka-tsaki ne mai kyau.

Baƙin man inji da aka saba ɗiga wa sarƙa yana tara ƙura ya zama kamar yashi mai cin ƙarfe. Mai marar kauri kaɗan, a goge ragowar da tsumma, ya fi tsawaita ranta.

Girman firam

A kasuwa, idan aka tambayi girman keke, lambar wili ake faɗa. Wannan ba ya nuna ko keken ya dace da tsawon mahayi. Girman firam daban ne, ana rubuta shi da haruffan S da M da L da XL, ko da inci 15 da 17 da 19 da 21. A ƙiyasi, mai tsawon mita 1.65 zuwa 1.75 yana dacewa da M, mai 1.75 zuwa 1.85 kuma da L, amma kowane kamfani da nasa jadawalin, don haka hawa a gwada ya fi kowace lamba.

Idan mutum ya tsaya da ƙafafu biyu a ƙasa, sandar firam tana tsakaninsu, ya kamata a samu tazarar aƙalla santimita 5. A kwalta ana iya yin sakaci da wannan, amma a daji, inda ake dirowa daga sirdi ba shiri, wanda ya yi sakaci da shi ba zai so ya ba da labarin abin da ya same shi ba. Tsawon sirdi kuma ana gane shi ne idan aka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. A jikin sandar sirdi akwai alamar da ba a so a zaro ta wuce ta, wanda ya ga sai ya wuce alamar kafin ƙafarsa ta miƙe, to firam ɗin ya yi masa ƙanƙanta.

Ta fuskar ƙarfe, aluminiyam shi ne ya fi yawa, ba ya tsatsa kuma ba shi da nauyi. Baƙin ƙarfe mai inganci, wanda ake rubuta wa lamba 4130, ya ɗan fi nauyi amma mai walda zai iya ɗinke shi idan ya tsage, abin da ba ya yiwuwa cikin sauƙi da aluminiyam. Na kabon shi ne mafi sauƙin nauyi da tsada, kuma yana iya tsagewa daga ciki ba a gani.

Na hannu

Yawancin kekunan daji masu inganci da ake samu a farashi mai sauƙi na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka da Japan. Tsohon keke na sanannen kamfani irin Trek ko Giant ko Specialized ko Cannondale, mai shekara goma ko sha biyar, yakan fi sabon keke marar asali nesa ba kusa ba, amma sai an bincika shi da kyau, kuma a tuna cewa sitika abu ne da kowa ke iya mannawa.

Ana fara dubawa ne daga wuraren walda, musamman inda kan keke ya haɗu da firam da kuma ƙasa inda fedoji ke juyawa. Siririn layi a jikin fenti a waɗannan wurare yana iya zama tsaga, kuma firam ɗin aluminiyam da ya tsage ya gama aiki. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai abin tuhuma ne. A kwance sandar sirdi a tabbatar tana motsi, domin takan manne da firam har ta gagari kowa. A ɗaga kowace taya a juya ta a ga ko tana layi, a girgiza ta gefe da gefe a ji ko boris ya saki. A duba ƙarafan shok masu sheƙi, idan sun karce ko suna zubar da mai, gyaransu na iya cin rabin kuɗin keken. Sarƙa kuma ana auna ta da rula: a sabuwa, daga tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa ta 24 bayanta inci 12 ne daidai. Idan tazarar ta wuce haka da kashi ɗaya cikin takwas na inci, sarƙar ta mutu, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran farantan baya tare da ita.

A ƙarƙashin firam akwai lambar keken da aka buga a jikin ƙarfe. Mai saye ya nemi rasit mai ɗauke da wannan lamba, kuma ya guji keken da aka goge masa ita.

Keken daji mai lantarki ya fara shigowa shi ma. A ƙa'idar Tarayyar Turai, injinsa ba ya wuce wat 250, kuma yana daina taimakawa idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Yana sauƙaƙa wa dattijo ko mai ciwon gwiwa hawan tudu, amma nauyinsa kan wuce kilo 20, batirin na hannu kuma ba a gane lafiyarsa da ido. Idan cajinsa ya ƙare a tsakiyar daji, mai shi zai dawo da keken da ya fi kowanne wuyar tuƙi.

A cikin kasafin kuɗin dole a ware na hular kwano, wadda ke ɗauke da alamar gwaji ta EN 1078 ko CPSC a cikinta, kuma hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ba a sake amfani da ita ko da ba ta nuna tsaga ba. Doguwar riga ko wando mai faɗin ƙafa kan shiga sarƙa, don haka sai a naɗe ko a ɗaure. Dajin kansa ma yana da nasa sharuɗɗan. Gandun daji na ƙasa irin Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, ko wurin adana namun daji na Yankari a Bauchi, ba a shigarsu sai da izinin hukumar da ke kula da su. Wasu dazukan Arewa maso Yamma, irin su Rugu da Kamuku, sun daɗe suna fama da 'yan bindiga, kuma ba wuraren yawon motsa jiki ba ne. Masu fita kan tambayi mutanen ƙauyen da ke kusa halin da hanya take ciki, su tafi aƙalla su biyu da isasshen ruwa, su kuma bar wa mutanen gida sunan hanyar da suka bi da lokacin da ake sa ran dawowarsu.